KUNYAR ƊAN FARI DA CIWON NONO: ABIN DA MASU JEGO KE SHA A ABAJI

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk ɗan Arewa mai neman abinci a Kurmi ya san Abaji, ko da bai taɓa kwana a cikinta ba. In mota ta wuce Gwagwalada da Kwali, to, Abaji ce babban gari na ƙarshe a ƙasar Birnin Tarayya kafin a shiga Jihar Kogi, a bi ta Koton Karfe, a haye gadar Murtala a nufi Lakwaja. A da tana cikin Jihar Kwara, sai a shekarar 1976 da aka yanki ƙasar sabon babban birni aka haɗa da ita. Igbira da Ganagana da Gwari da Basa da Hausawa da Fulani duk suna zaune a ƙasarta, sarkinta kuwa, mai sarautar Ona, shi ne shugaban majalisar sarakunan Birnin Tarayya.

Zaman Hausawan Abaji ya yi kama da na 'yan'uwanmu da ke Agege ko Sabon Badun ko Anacha. Ga al'adar gida an riƙe, ga kuma maƙwabta masu tasu al'adar. Waɗansu sukan mai da yarinya gidan iyayenta goyon ciki, waɗansu kuwa ba halin haka, sai ta haihu a ɗakinta, in an yi sa'a wata tsohuwa ta zo ta zauna da ita. Saboda haka abin da za mu faɗa game da masu jegon Abaji ya shafi matanmu na can ƙwarai, watau maganar ciwon nono da mai haihuwar fari ke fama da shi a makonnin farko, wanda sau da yawa ba wanda ya sani sai ita da Allah.

Da farko dai akwai zafin da ba cuta ba ne. A kwanakin farko kan nono yakan yi tsami sa'ad da jariri ya kama, amma kafin a ƙirga ashirin ko talatin ya lafa. Haka kuma mara takan murɗa in yaro yana tsotso, domin tsotson ne ke sa mahaifa ta tsuke ta koma yadda take, wannan kuwa alheri ne, yana rage zubar jini. Amma zafin da ke ci tun daga kamawa har zuwa saki, wanda ke sa mace ta cije leɓe, gabanta ya riƙa faɗuwa in ta ji yaro ya motsa, wannan ba na haƙuri ba ne. Akwai abin da ya kawo shi, kuma yana da gyara.

Mafi yawan lokaci laifin yana wurin kamun da yaro ya yi wa nonon. Jariri ba kan nono kaɗai ya kamata ya tsotsa ba. Ana so ya wage baki kamar mai hamma, ya ɗauki kan nonon tare da yawancin baƙin da ke kewaye da shi, haɓarsa ta taɓa nono, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, baƙin da ya rage a waje ya fi yawa ta saman bakinsa. In ya yi haka, kan nonon yana can ciki wajen da ganda ke da taushi, ba abin da zai goge shi. In kuwa tsinin kawai ya kama, sai ya matse shi tsakanin harshe da dasashi, kafin kwana biyu ya tsage, har jini. Alamar ba ta da wuyar gani. In yaro ya saki aka ga kan nono ya lanƙwashe ko ya yi faɗi kamar an danne shi, to kamun bai yi ba.

Riƙon yaron ma haka ne. Cikinsa ya manne da na uwar, kunne da kafaɗa da kwankwaso su zama a jere, kada wuyansa ya karkace. A kawo yaro wurin nono, kada uwa ta sunkuya ta kai masa. Ta sa kan nonon daidai hancinsa, ta jira ya buɗe baki sosai, sa'an nan ta jawo shi da sauri. In kamun ya yi zafi, kada ta fizge, sai ta sa ƙaramin yatsanta mai tsabta ta gefen bakinsa ya saki, a sake daga farko, ko sau nawa ne.

To, a nan ne al'adarmu ta shigo. Kowa ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ma sai an yi mata faɗa kafin ta ɗauke shi. Abu ne na ladabi, ba mai ƙin sa. Amma a duba yadda yake a ɗakin jego. Yarinya ce 'yar shekara 17 ko 18, ɗaki cike da 'yan barka, ga uwar miji, ga ƙannen miji suna shiga suna fita. Yaro ya yi kuka, aka miƙa mata. Sai ta juya wa jama'a baya, ta lulluɓe shi da mayafi, ta cusa masa nono tana kallon bango, Allah Allah take ya gama. Ina ta ga yadda bakinsa ya kama? Aikin nan kuwa sai da ido. In kuma zafin ya zo, wa za ta gaya wa? Wadda ta yi naƙuda ba ta yi kuka ba don kada a yi mata gori, ba za ta buɗe baki ta ce nono na ciwo ba. In ma ta faɗa, amsar da aka saba ba ta ita ce haka kowa ta yi, ta daure.

A ganina kunyar ba ta hana a ba ta wuri. Ana iya sa labule, ko a ce wa 'yan barka su ɗan koma tsakar gida, a bar ta da mace ɗaya wadda ba ta jin nauyinta, yaya ko ƙawa ko goggo, ta zauna kusa ta duba mata. Kwana uku na irin wannan kulawa ya fi tulin magani.

DAKASHI BA DAUƊA BA NE

Abu na biyu shi ne jinkirin ba da nono. Ruwan farko, mai kauri mai ɗan rawaya, wanda ake kira dakashi, har yanzu akwai gidajen da ke ɗaukarsa ƙazanta. Sai a ce a jira a wanke nono, ko a gwada shi a ga ko yana da ƙaiƙayi, a matse a zubar, a riƙa ɗura wa jariri ruwa ko madarar shanu ko zuma har kwana biyu ko uku. Alhali kuwa dakashi shi ne rigakafin farko na yaro, cike yake da abin da ke tsare hanjinsa daga cuta. Ƙarancinsa ma ba aibu ba ne, gama cikin jariri a ranar farko ba ya ɗaukar abin da ya wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu a sha guda. Zuma kuwa likitoci sun hana ba yaron da bai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta ta shanye jikin jariri.

Ga yadda jinkirin ke komawa kan uwar. Wajen kwana na 3 zuwa na 5 ruwan nono kan zo da ƙarfi. In yaro yana sha tun sa'ar farko, sau 8 zuwa 12 a dare da rana, nono yakan cika amma ba ya wuce kima. In kuwa an tsare shi, sai nonon ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, fatar tana sheƙi, kan nonon ya shafe ya koma ciki. Yanzu yaro ba shi da abin kamawa sai ɗan tsini, sai ya datsa. Kan nono ya tsage, uwa ta ji tsoron ba shi wannan ɓangaren, ruwa ya ƙara taruwa, ƙwayar cuta ta sami ƙofa ta wurin tsagar. Daga nan sai zazzaɓi, daga zazzaɓi sai ƙurji. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, barin nono a ƙirji kuma ba ya maganin ciwonsa.

Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna jarirai 42 ne kawai cikin 100 aka sa wa nono a sa'ar farko bayan haihuwa. Waɗanda ba su kai wata 6 ba kuma ake ba su nono zalla, 29 ne cikin 100, ko da yake an ci gaba, don a 2013 17 ne. Ba a ƙirga nawa ne cikin sauran suka daina saboda ciwo ba a wannan lissafi, amma duk wanda ya zauna da mata ya san ciwon yana cikin manyan dalilai.

Maganin cikar nono ba shi da tsada. A ci gaba da ba yaro duk sa'ad da ya nema. In taurin ya hana shi kamawa, uwa ta wanke hannu, ta tatse kaɗan, gwargwadon abin da zai sa baƙin ya yi laushi. Bayan ya sha, ta jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa mai sanyi ta ɗora. Kan nonon da ya tsage kuwa, ta shafa masa ɗigon ruwan nononta, ta bar shi ya sha iska. Kada a wanke shi da sabulu, kada a sa man zafi ko toka ko kanwa ko garin kafso. Duk abin da aka shafa a nan, a tuna bakin jariri zai shiga. Ta fara ba shi ɓangaren da ya fi sauƙi, in ƙarfin yunwarsa ya ragu ta mai da shi ɗayan.

WANKAN JEGO DA HANNUN TSOHUWA

Sai mu zo ga wanka. A gidajen Hausawan Abaji, kamar na Zariya ko Katsina, mai jego takan yi wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana 40, ta sha kunun kanwa. Tun cikin shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi nazari a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kanwa da zafin da ake gasa su da shi. Wannan magana ce mai zaman kanta. Abin da ya shafe mu yau shi ne abin da ake yi wa nono a wurin wankan. Tsohuwa ta ga ya kumbura, sai ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa ta danna, ta murza da ƙarfi wai don ta fasa gudajin, yarinya tana hawaye ba ta da ikon cewa a bari.

Niyyar tsohuwa mai kyau ce, amma kumburin nan yawancinsa ba daskararren nono ba ne da za a fasa. Naman ne ya kumbura ya matse hanyoyin ruwan, kamar yadda ƙafa ke kumbura in an gurɗe. Wa ke murza targaɗe da ƙarfi ya zuba masa tafasasshen ruwa? Ƙungiyar likitocin shayarwa ta duniya ta sake shawararta a shekarar 2022, ta ce a bar murza mai ƙarfi, a bar yawan gashi, a bar ƙoƙarin tatse nono ƙaf, gama yawan tatsa yana sa jiki ya ƙara kawo ruwa. Abin da ta ce a yi shi ne sanyi, da hutu, da shafa mai sauƙi kamar ana lallashin yaro, daga wajen kan nono zuwa hammata. Ɗan ɗumi kafin shayarwa ba laifi in yana sa ruwan ya zubo.

Ga zafin kuma, farasitamol da ibufurofen ba sa cutar da mai shan nono in an sha bisa ƙa'ida, sai dai mai gyambon ciki ta nisanci na biyun. Kodin da taramol kuwa a guje su sam, suna bin nono su sa jariri barci mai nauyi har numfashinsa ya yi rauni. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma mai kemis na lungu ba kullum yake tambaya ko mace tana shayarwa ba, saboda haka mai saye shi ne zai faɗa.

Wani lokaci kuma matsalar tana bakin yaron. In yana da linzami, watau zaren da ke ƙarƙashin harshe ya yi gajere, harshen ba ya miƙowa ya rufe dasashi, ko yaya aka gyara riƙo sai ya ci nono. Wannan a kai asibiti a duba, gama ba kowane zare ne ke bukatar yanka ba, in ma za a yanka, da kayan da aka dafa ake yi. Cire beli da wanzami ke yi a makon farko shi ma yana barin maƙogwaron jariri da rauni, ya ƙi tsotso kwana ɗaya ko biyu, daidai lokacin da nonon uwarsa ke cika. Likitoci ba su ga wani amfani a cire shi ba, sun dai ga zubar jini da sanƙarau na tsatsa. Haka kuma in an ga fari-fari a harshe da kumatun yaro ta ciki wanda ba ya gogewa, uwa kuma tana jin raɗaɗi kamar ƙuna, sai a duba su biyun tare.

IDAN ZAZZAƁI YA SHIGO

Ƙasar Abaji ƙasar sauro ce, musamman ƙauyukan bakin kogin Gurara irin su Yaba. Saboda haka in mai jego ta kama rawar ɗari da ciwon gaɓoɓi, kowa sai ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, a sayo mata maganinsa. Ba wanda zai tambayi nono, ita kuma ba za ta faɗa ba. A riƙa tambaya. In wani sashe na nonon ya yi tauri, ya ɗauki zafi, yana zogi, ga zazzaɓi, to nonon ne ya kamu. Littattafan Turawa sukan ce wurin zai yi ja, amma a fatarmu sau da yawa ba a ganin ja, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi ƙyalli.

Ko a wannan hali ba a yaye yaro daga ɓangaren, nonon ba zai cuce shi ba, ko da ya ɗan yi gishiri-gishiri ko an ga ɗan jini daga tsaga. In an yi kwana ɗaya ana abin da muka faɗa ba sauƙi, ko kuwa tun farko jikin ya yi tsanani, sai asibiti. Can za a ba ta maganin kashe ƙwayar cuta wanda ya dace da mai shayarwa, yawanci na kwana 10 zuwa 14, kuma a shanye shi duka. In an yi sakaci ya tara mugunya, dole a zuƙe da allura ko a tsaga, wannan kuwa aikin likita ne. Kada a kai wa wanzami ya sa aska. Mace mai ɗauke da cutar ƙanjamau wadda ke shan maganinta tana shayarwa, ita hukuncinta dabam ne: da zarar kan nono ya tsage ko ya kumbura, ta nemi ma'aikatan asibitinta a ranar kafin ta ci gaba da ba da wannan ɓangaren.

Akwai ƙananan asibitoci a gundumomin Abaji, akwai babban asibiti a cikin gari, abin da ya fi ƙarfinsu kuma a tura asibitin koyarwa na Gwagwalada. Tun 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka kafa tsarin da ya ɗora wa asibitocin haihuwa nauyin nuna wa uwa yadda ake sa yaro a nono. Saboda haka mace ba roƙo take yi ba in ta ce wa nas ta tsaya ta ga yadda yaron ke kamawa kafin a sallame ta, ko ranar da aka koma rigakafi.

GA MASU GIDA NA KURMI

Wannan shafi maza ne suka fi karanta shi, to ga taku. A ɗakin haya na Idi Araba ko Shagamu ko Fatakwal, ba goggo, ba inna. In matarka ta haihu a can, kai ne tsohuwar. Ba wanda ya ce ka zama ungozoma, amma kana iya tambayarta a keɓe, ka ɗebo ruwa, ka ɗauke mata girki, ka raka ta asibiti. In akwai maƙwabciya mai 'ya'ya, ko Bayarabiya ce ko 'yar Ibo, a kira ta, gama nono ba shi da ƙabila. Waya ma yanzu tana nuna fuska, tana iya kiran yayarta ta gida ta nuna mata. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu na shayarwa, ita ce kuma ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa a wuyan uban yaro.

Abin da mai gida ya fi saurin yi in ya ga matarsa tana kuka shi ne ya sayo madarar gwangwani da bulumboti, a ganinsa ya taimaka. Sai a yi hattara. Yaron da ya saba da robar bulumboti yakan dawo nono da ɗan ƙaramin baki, ciwon ya ƙaru, nonon da ba a sha kuma ruwansa ya janye. Ga tsada, har a kai ga tsinka madarar don ta yi auki. Ga ruwan da za a dama da shi, ko na rijiya ko na 'yan garuwa, wanda in ba a tafasa ba gudawa ce. Saboda irin wannan ɓarna ce aka yi dokar duniya ta 1981 kan tallan madarar jarirai, Nijeriya kuma ta yi tata a 1990. In kan nono ya yi raunin da uwa ba ta iya jure tsotso, ta huta da wannan ɓangaren kwana ɗaya ko biyu, ta riƙa tatsa a kofi mai tsabta ana ba yaro da cokali ko bakin kofin. Ruwan sha kuwa ba ya bukata kafin wata 6, ko a zafin Maris, don kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne. Mai shakkar ko yaro yana ƙoshi ya ƙirga fitsari: daga kwana na 5, in yana jiƙa tsumma sau 6 ko fiye a dare da rana, nono yana isarsa.

Waɗanda suka kai matansu gida kuma, a kula da ranar komowa. Tafiya daga Kano ko Sakkwato zuwa Ikko yini ce da kwana, ga matsi, ga maza a kowane gefe, yarinya sai ta ƙi ba da nono don kunya, a riƙa lallashin yaro da ruwan leda. Waɗansu a hanya suke samo kumburin da zai kwantar da su. A nema mata kujerar gefen taga kusa da mace, ta riƙa ba shi a ƙarƙashin mayafi, duk inda aka tsaya salla kuma ta sami wuri ta zauna ya sha sosai.

Saura abu ɗaya. Mata da yawa in sun ji gudaji a nono sai tsoron ciwon daji ya kama su, tsoron kuma ya sa su ɓoye. Yawancin gudajin mai shayarwa ba daji ba ne, yakan baje cikin kwanaki kaɗan. Amma wanda ya yi mako biyu yana nan bai ragu ba, ko da ba ya ciwo, ko wanda ke komowa wuri ɗaya, ko fatar wurin ta yi ramuka kamar ɓawon lemo, wannan a kai wa likita ya duba, kada a jira sai an yaye.